Kan Ungulu ko Zoben Aure

Mai karatu, yaushe rabonka da ganin ungulu a garin nan? Ba a waya ba, ba a hoto ba. Ungulu da ranta nake nufi, a kan rufin kwata ko tana shawagi da rana tsaka. Shekara goma? Ashirin? Wannan tambayar ce Hephzibah ta yi wa mutanen Kaduna a talabijin ranar wata Asabar da yamma, kuma ita ce ta kusa cinye mata aurenta.

Hephzibah 'yar unguwar Romi ce a Kaduna. Ilimin dabbobi ta karanta a jami'a, amma wasan kwaikwayo ne ya fito da ita. A wani shiri mai dogon zango take fitowa a matsayin Ladi, matar ɗa mai shan wuya a hannun uwar miji, kullum tana durƙushe tana kuka. Mata sun so Ladi kamar me. Wadda ta fi kowa sonta kuwa ita ce Mama Rebecca ta Unguwar Boro, shugabar zumuntar mata a cocinsu, mahaifiyar Shekari, saurayin da zai auri Hephzibah nan da wata biyu.

Ranar Asabar ɗin duk suna falon Mama, don Hephzibah ta ce sabon shirinta zai fara. Har faten acca ta dafo musu. An turo Baba Ebenezer, mijin Mama, a kekensa. Wata takwas ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

"Ƙara murya, Debby! Ga Ladi tawa nan!" in ji Mama.

Sai ga Hephzibah a allo, ba ɗankwali, ba hawaye, da safar hannu mai kauri har gwiwar hannu. A ƙirjinta ta rungume wata ungulu mai saiƙo, wuya duk tamoji, ƙudaje na binta.

Cokali ya faɗi daga hannun Mama.

"Yesu! Mene ne wancan?"

"Ungulu ce, Mama," Hephzibah ta amsa a hankali. "Fiffikenta ne ya karye, ina jinyarta. Sun kusa ƙarewa a ƙasar nan, shi ne muka fara shiri a kansu, ni da ƙungiyar kare namun daji."

Debby, ƙanwar Shekari, ta ture kwanonta. "Wait, wait — da hannun nan kika dama faten nan? Kai, Anti, yu ar not siriyos! Ni na ƙoshi!"

Mama ta tashi ta leƙa taga ta tofar da yawu sau biyu. "Tir! Ƙazanta! Gobe ina zan sa fuskata a coci? A ce matar ɗana ce ke rungumar mai cin mushe a gaban duniya?"

Baba Ebenezer ne kawai ya yi wata ƙara a maƙogwaro, wadda da lafiyarsa dariya ce. Shekari kuwa, injiniya guda, ya kafa wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Shirun nan nasa ya fi tofin Mama yi wa Hephzibah ciwo. Ta haɗa kulolinta ta yi sallama, aka amsa mata ciki-ciki.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, keke napep ya tsaya a ƙofar gidan da Hephzibah ke haya a Romi. Mama Rebecca ce ta fito, da ledar lemu da fara'a har kunne.

"'Yata! Ladi tawa! Ki manta da maganar ran nan, tsufa ne. Ina abar take?"

Hephzibah ta yi murna har cikin ranta. Ta kai ta bayan gida, inda kejin waya yake a ƙarƙashin mangwaro. Ungulun na tsaye a kan kututture tana yagar hanjin akuya. Wani tsohon mahauci, Malam Usman na Tudun Wada, shi ya tsince ta a bayan kwata, shi ne kuma yake aiko mata da ragowar kayan ciki kullum. Warin wurin sai mai ƙarfin zuciya.

Mama ta toshe hanci da gefen zani, amma idonta bai bar kan tsuntsuwar ba. Kallon da take yi mata ba na ƙyama ba ne. Irin kallon da mace ke yi wa kaza a kasuwa ne.

"Lafiyayya ce ko? Ba ciwo a kan?"

"Kan lafiya lau, Mama. Fiffiken ma ya kusa haɗewa."

Mama ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Zauna, 'yata. An kai ni wurin wani mai magani a bayan Kamazou. Ya ce ciwon Babanku ba na asibiti ba ne, jifa ne. Ya ce in samo kan ungulu ɗanye, da wuyansa, a dafa ya sha romon kwana uku, zai miƙe da ƙafarsa. Na yi yawo har na gaji. Sai ran nan da kuka tafi na ce, ashe Ubangiji har gida ya aiko mini da ita!"

Hephzibah ta dube ta da mamaki. Matar da ta tofar da yawu a gaban kowa, ita ce yau take so a ɗura wa mijinta romon abin da ta tofa wa yawun.

"Mama, ku yi haƙuri. Babu magani a kan ungulu. Gashin ƙashi Baba yake buƙata, da maganin hawan jininsa a kan lokaci. Ina da ƙawa, Rukayya, aikinta ke nan. Za ta riƙa zuwa gida."

"Ba lacca na zo ji ba!" Fara'ar ta ɗauke ɗif. "Ke, tun ranar da Shekari ya kawo ki na tambayi Fasto ma'anar wannan dogon sunan naki. Ya ce wai 'farin cikina yana cikinta'. Na yi rawa ranar! To ga farin cikina can a keji, kin tsaya kina yi mini turanci. Ki cika sunanki mana!"

Hawaye suka cika idon Hephzibah, na gaske, ba irin na Ladi ba. Ta durƙusa.

"Mama, ranar da aka haife ni mahaifiyata ta rasu. Kwana biyu ina kwance a tsumma, dangi sun ƙi ɗaukata, wai da baƙar ƙafa na zo. Babana ne ya ɗauke ni ya sa mini sunan nan. Ya ce suna ne da ake ba wadda kowa ya juya wa baya, don ta san akwai mai murna da ita. Ba don in ba kowa abin da ya roƙa aka sa mini shi ba. Wannan tsuntsuwar ma kowa ya juya mata baya. Ba zan yanka ta ba, kuma ba zan ba Baba abin da zai cuce shi ba."

Mama ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. "A talabijin ko mari aka yi miki godiya kike yi. Ashe duk ƙarya ce! To ki ji: Fasto ba ya ɗaura aure sai iyaye sun sa hannu a takarda. Kan nan ya zo gidana kafin Lahadi, ko kuwa ki auri ungulun!"

Har ledar lemun ta ɗauke ta tafi da ita.

Ranar Juma'a Hephzibah na lokeshan ana ɗaukar fim, janareta ya lalace, darakta ya sallami kowa tun ƙarfe biyu. Tana isa gida ta ga motar Shekari a waje. Ta yi mamaki, don ya san ba ta nan. Daga bayan gida ta ji fuka-fuki na bugun waya, sai kuma ihun namiji.

"Wayyo! Wayyo Allah! Kai! Kai!"

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ungulu ba ta faɗa da farce. In ta tsorata, amai take yi. Duk abin da ta ci, ruɓaɓɓe, mai ɗumi, shi take feso wa wanda ya matso ta.

Shekari na tsaye a bakin keji, buhu a hannun hagu, ƙofar keji a buɗe. Daga gemunsa har bel ɗinsa hanjin akuya ne na jiya, kore-kore, yana gangarowa a kan farar shat ɗinsa ta ofis. Wani guntu ya maƙale a aljihu, kusa da biro. Ƙudaje har sun iso. Ungulun ta koma lungu tana haki.

Hephzibah ta zo ta rufe kejin ta sa sakata. Ba ta ko toshe hanci ba.

"Bebi, plis, bari in yi miki bayani —"

"Buhun na mene ne, Shekari?"

"Mama ce... kwana uku ba ta ci abinci ba. Tana ta kuka, wai na zaɓi tsuntsu a kan ubana. Na ce in ɗauka kawai, in ce miki ta gudu. Ai na san ba zai yi aiki ba, I no! Amma in ya sha hankalinta zai kwanta, mu yi aurenmu. Tsuntsu ɗaya ne fa, Ziba!"

"Ka san ba zai yi aiki ba."

"Na sani."

"Amma za ka bari a ɗura wa mahaifinka, mutumin da ba ya iya cewa a'a. Kuma ka dawo ka taya ni nemanta, kana shafa mini baya ina kuka. Haka ne?"

Ya buɗe baki, amai ya taso masa, ya duƙa gindin mangwaro ya yi nasa shi ma.

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara uku tana son mutumin nan, tun ranar da ya tsaya cikin ruwan sama ya canza mata taya a kan gada. Yanzu ma tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta ajiye masa da sabulu. Ta zare zoben alkawari ta ɗora a kan murfin bokitin.

"Warin rigarka zai fita da omo," ta ce. "Wanda nake ji yanzu ba na rigar ba ne. In ka gama ka ja mini get."

Ranar Lahadi ba a karanta sanarwar aurensu a coci ba. Kafin a tashi labari ya zaga: 'yar fim ta fifita ungulu a kan surukinta. Wasu matan zumunta suka daina amsa gaisuwarta. A kasuwa wata mai tumatur ta ajiye mata canji a kan tebur don kada hannunsu ya haɗu. Debby ta sa hotonta a waya da rubutu, "Amaryar mushe." Hephzibah ta yi kuka har idonta ya kumbura, mai kwalliya a lokeshan ta yi ta mita. Amma ko kalma ɗaya ba ta mayar ba, kuma ba ta gaya wa kowa abin da Mama ta roƙa ba. Ta tura Rukayya gidan sau biyu, sau biyu ana koro ta daga ƙofa.

Ta ci gaba da shirinta. Ta kai kyamara bayan kwata, inda Malam Usman ya nuna mata tulin ƙazanta, tsutsa na tafasa a ciki, karnuka da ɓeraye na wasa da rana kata.

"'Yata, da muna samari kafin azahar ungulaye sun share wurin nan tas," in ji shi. "Yanzu masu kama su maganin ƙwari na gona suke barbaɗa wa mushe. Talatin su sauka, talatin su mutu, a kwashe a kai kasuwa. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya take yi a shekara! Wallahi mutum ya fi ta ƙazanta."

Sati uku da ajiye zobe, ranar wata Talata wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wayarta ta yi ƙara. Shekari ne. Ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ya sake. A na huɗu ta ɗauka.

"Ziba, Baba! Muna asibiti! Yawu na ta zuba, gumi kamar an jiƙa shi, yana amai yana zawo, ba ya iya numfashi! Likita na tambaya me ya ci, Mama ta ce kunu kawai!"

Ta miƙe tsaye. "Duba idonsa. Baƙin ɗigon tsakiyar idon ya ƙanƙance?"

"Kamar kan allura!"

"Ina zuwa. Ka ce wa likita guba ce, maganin ƙwari. Yanzu, Shekari, da gudu!"

Da kayan Ladi a jikinta ta hau acaɓa. Ba asibiti ta nufa ba, Unguwar Boro ta fara zuwa. Debby na tsakar gida tana kuka.

"Ina tukunyar?"

"Wace tukun—"

"Debby, babanki na mutuwa! Ina tukunyar?"

Debby ta nuna bayan kicin, ƙarƙashin tsohon kwano, ta ce a kasuwa Mama ta samo daga ƙarshe. Hephzibah ta ɗaga murfi. Kan ungulu ne da wuya da kayan ciki, ido ɗaya a buɗe, yana iyo a cikin romo mai kumfa, har da albasa da daddawa. Debby ta juya ta yi amai a kwatami. Hephzibah ta ɗaure tukunyar a ɗankwalinta ta rungume.

A barandar asibiti Mama Rebecca na zaune cikin matan zumunta huɗu, suna addu'a. Tana ganin tukunyar ta miƙe zumbur, ta tare hanya.

"Kada ki tona mini asiri," ta faɗa cikin raɗa. "Don Allah, 'yata. A gabansu? Ni shugabarsu?"

Kafin Hephzibah ta ce komai, Shekari ya fito daga ɗakin. Ya dubi uwarsa, ya dubi tukunyar. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Mama, matsa."

"Shekari! Ni na haife ka!"

"Shi ma shi ya haife ni. Na yi shiru a falo, na yi shiru a coci, har sata na je yi saboda ke. Ya isa. Matsa, Mama!"

Ta matsa. Warin ya bi barandar, matan zumunta suka toshe hanci suna kallon juna. Likita ya leƙa tukunyar sau ɗaya ya yamutsa fuska. Hephzibah ta gaya masa irin maganin da masu kama ungulu ke amfani da shi. Ya ce abin da yake zargi ke nan, amma da aka ce masa kunu ne sai ya tsaya. Nan take aka fara yi wa Baba allurar da ke karya gubar, ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan la'asar numfashinsa ya daidaita. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya ana ɓoye-ɓoye, da gawa za su ɗauka.

Kwana tara Baba ya yi a asibiti. Kullum Hephzibah na zuwa daga lokeshan, ita ke share masa baki, ita ke zubar da fo in nas ta yi nisa. Ba ta ce wa Mama "ai na faɗa" ba, ko da ido. Mama kuwa ba ta iya haɗa ido da ita.

Ranar da aka sallame shi, Mama ta kira ta har ɗaki, a gaban Baba da Shekari da Debby da Fasto. Ta ɗauko takardar auren ta sa hannu. Sai ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Hephzibah.

"Na so Ladi, mai cewa to ga komai. Da Ladi na samu, da yau ina takaba. Ki yafe mini, 'yata. Na ɓata miki suna a gari alhali ni ce mai abin kunyar."

"Haba Mama, ku tashi! Don Allah ku tashi!" Hephzibah ta ɗago ta, suka rungume juna suna kuka. Debby na gefe tana jan majina tana cewa, "Anti, sori, na goge hoton, wallahi na goge."

Mama ta share ido ta ja tsaki. "Amma fa ki sani, har gobe ƙyamar abar nan nake ji. Kada ki kawo mini ita gida."

"Ni ma ba daɗin warinta nake ji ba, Mama."

Baba Ebenezer ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kamo na Shekari, ya kamo na Hephzibah, ya haɗa su a kan cinyarsa. Shekari ya share hawaye. Ba ranar Hephzibah ta karɓi zoben ba. Sai da ya yi wata guda yana zuwa Romi kowace safiya kafin ofis, yana wanke keji da hannunsa, sannan ta miƙa masa yatsa. An ɗaura auren a watan Disamba. Baba ya shiga coci da sanda, yana jan ƙafa, Rukayya na riƙe da shi, bayan wata uku tana gasa masa jiki. Mama Rebecca da bakinta ta ba matan zumunta labarin tukunyar, ba ta rage komai ba.

Darasin a fili yake. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma wanda ya taya ka yin abin da zai kashe ka ba biyayya ya yi maka ba. Wanda ke sonka da gaskiya zai iya cewa a'a, ya sha zagi, ya yi haƙuri, ya kuma zo ranar da kake buƙatarsa. Kuma abin ƙyama na gaske ba tsuntsuwar da ke share mana gari ba ce. Halinmu ne na tofar da yawu a falo mu dafa abin a bayan kicin.

Don haka, mai karatu, ga roƙona. In akwai mai shanyewar jiki a gidanku, ku kai shi asibiti a satin nan, ku nemi masu gashin ƙashi. In aka aike ka sayen kan ungulu, ko wa ya aike ka, ka ƙi, ka kuma faɗi dalili. In ka ga ana barbaɗa wa mushe magani, ka sanar da mai unguwa da jami'an gandun daji. Sannan yau ɗin nan, kafin ka ajiye wannan labarin, ka je ka zauna kusa da mahaifiyarka ka karanta mata shi.